Ƙotar Icen Tuffa

Ranar Talata ta shigo shagona,
dusar ƙanƙara a kafaɗar kwat ɗinta.
Ta ajiye ƙaramar libarba a kan tebur, ta buɗe ta da kanta
don in ga ramuka biyar, babu kowa a ciki.
Ta ce, "Sunana Verna Tollefson.
Ƙotar nan ba ta san hannuna ba."

Ni Orval, shekara talatin da ɗaya ina sassaƙa a Bonners Ferry,
na sha jin wannan kuka.
Kamfani yana yin ƙota don hannun kowa,
hannun kowa kuwa ba na kowa ba ne.

Ta riga ta gwada ta roba.
Roba tana shanye dukan harbi, ba musu,
amma tana kama riga kamar ƙarangiya,
kana tafe, tufarka na tona maka asiri.
Ta gwada gajeriya, mai lafewa a aljihu,
sai ƙaramin yatsa ya rasa wurin zama,
yana reto kamar baƙon da aka hana kujera.
Mai ɓuya ba ta riƙuwa, mai riƙuwa ba ta ɓuya.
A wannan ɗan tsakanin nake cin abincina.

Na ce, miƙo hannu.
Gaɓoɓi sun kumbura, sanyin ƙashi ya karkatar da manuniya.
Ita ke rufe gidan mai na bakin babbar hanya,
ƙarfe ɗaya na dare, ita kaɗai da jakar ciniki,
taku arba'in daga ƙofa zuwa mota.
Ta ƙirga su.
Kullum sai ta ƙirga.

Na ba ta curin yumɓu, na ce matse,
ba matsar mai fushi ba,
kamar kin kama hannun jika za ku tsallaka titi.
Baki yakan ƙara gishiri, yumɓu ba ya yi.

Sai ta koma mota ta ɗauko guntun ice.
Tuffar bayan gida ce, in ji ta,
Harlan ya dasa ta shekarar da suka gama biyan bashi,
iska ta kayar da ita hunturu biyu bayan an binne shi.
Na ce icen tuffa taurin kai gare shi, ga saurin tsagewa.
Ta ce, "Mai shi ma haka yake."

Kwana tara ina kansa.
Zarto, magagari, samfefa har yatsuna suka yi sulɓi.
Na ƙara kauri ta baya, inda ƙarfe ke cizon tafi,
na zaftare gindi don kada ya turo riga,
na bar wa ƙaramin yatsa ɗan tudu, bai fi ƙwayar wake ba.
Ban yi zane ba. Zane yana cin fatar ƙugu.
Na shafa mai sau bakwai,
shagon ya kwana yana ƙanshin lambu.

Da ta riƙe, ba ta ce komai ba.
Muka zagaya filin gwaji, ta sa abin toshe kunne,
huɗu suka shiga farantin takarda, ɗaya ya tafi yawo.
Ta ce, "Wancan na Harlan ne," ta yi dariya har da tari.

Shekara shida ke nan.
Watan jiya ta dawo, sukuru ya saki.
Icen ya yi duhu kamar tsohuwar zuma,
gurbin babban yatsa yana sheƙi.
Ban so tambaya ba, bakina ya riga ni.
Ta ce, "Takarda kawai, Orval.
Har yau takarda kawai."

Na ɗaure sukuru, na ƙi karɓar kuɗi.
Sauran guntun icen yana nan a kan kanta, kusa da rediyo.
Bai isa ƙota ba,
na kuma kasa jefa shi a murhu.