Ranar Luba

Ran Talata na rufe tebur da wuri,
na bar agogo uku da cikinsu a buɗe,
na hau acaɓa daga Ƙofar Soro
zuwa lambun da Luba ta gani a wayar yayar ƙawarta.
Asabar za ta cika bakwai.
Tun watan jiya take jan layi da gawayi a bayan ƙyaure.

Mai tikiti, Sha'aibu,
ya ciro takarda da ta yi laushi don yawan hannu,
ya ɗora yatsa a can sama:
"Wannan ta manya ce, Alhaji."
Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba.
Babbar rumfa, kujera hamsin, mai hoto,
gidan iska da yara ke tsalle a ciki,
da wani saurayi da zai sa rigar zomo
ya yi rawa cikin zafin nan.
Ya faɗi kuɗin. Na yi tari.

Yatsa ya sauko.
Ƙaramar rumfa, lemo katan biyu,
jirgin ƙasa mai zagaye uku
in akwai wuta; in babu, man janareta naku ne.
A zo da kek daga waje, amma a biya kuɗin wuƙa.
"Kuɗin wuƙa?"
"Haka tsarin yake."

Yatsa ya kai gindin takarda, inda ta yage.
"Ko ku biya kuɗin shiga kawai, ku zo da tabarmarku.
Inuwar darbejiyar can ba ta kowa ba ce,
lilo kuma ba ya shan mai."
Ƙasa-ƙasa ya faɗa,
kamar mai ba da bashi a bayan idon maigida.

Da dare na kai wa Inna Tabawa labari.
Ta aje carbi. "Bikin mi?
Don ɗiya ta ƙara shekara? Akuya ma ƙarawa take."
Na ce, Inna, ni fa wace rana aka haife ni?
Ta daɗe tana kallon rufi.
"Ana cirar gyaɗa.
Shekarar da rijiyar gidan Ɗanbaba ta rufta.
Laraba ce ko Alhamis. An dai yi yayyafi."
Shekara talatin ina saita wa mutane lokaci,
tawa ranar tana cikin rijiya.

Asabar: tabarma biyu, yara tara.
Marka ta soya cincin, ta ƙulla zoɓo a leda.
Kek ɗin bai fi faifai ba,
wuƙar kuwa daga gida ta zo, a naɗe cikin ɗankwali.
A babbar rumfa ɗan wani yana cika biyar,
zomo na rawa, gumi na bin wuyansa,
sai wuta ta ɗauke.
Gidan iska ya fara durƙusawa kamar raƙumi,
yara na fitowa da rarrafe, wasu na kuka, wasu na dariya.
Kafin a ja igiyar janareta
rabinsu sun dawo layin lilo,
Luba a gaba, hannu a ƙugu,
tana yanke wa zai hau bayan wa.

Inna da ta ce ƙafarta ba za ta taka ba,
ga ta a bakin tabarma.
Ta ce kek ya cika zaƙi. Ta ci yanka biyu.
Ta kwance haɓar zani, ta ba Luba ɗari biyu mai ƙanshin turare,
sannan ta juyo gare ni:
"Kai kuma, tunda ka matsa,
ɗauki yau. Asabar ma rana ce."

Luba ta ji.
Ta ja ni da hannu mai danƙon zoɓo,
ta kori ɗan mai rumfa daga kan katako,
ta ce yau na Baba ne.
Sarƙa ta yi ƙara, gwiwata na shafar ƙasa,
yara huɗu suna turawa,
Sha'aibu daga taga yana yi kamar bai gani ba.

Akwai agogo biyu a aljihuna, na mutane.
Sai da aka kira magariba na tuna da su.