Kwalba Ta Bakwai

Shekara uku ina haddace ruwa a Akoka,
ruwan allo, wanda ba ya jiƙa kowa.
Na san nauyinsa, na san gishirinsa,
na ci jarrabawarsa sau biyu
ban taɓa tuɓe masa takalmi ba.

Sai Dakta Fagbemi ta miƙo kwalabe goma sha biyu:
"Hansatu, Makoko. Ki cika su, ki dawo kafin la'asar."

Baba Hunsu mai kwalekwale ba ya jin Hausa,
Yarabancina kuwa na Agege ne, na cinikin tattasai.
Na nuna masa takarda: ruwa zai janye ƙarfe ɗaya.
Bai ko dubi takardar ba.
Ƙafar wani gida ya duba,
inda gansakuka ta ja layi a jikin katako,
ya tsotsi haƙori, ya nuna hanyar komawa.
Na ce jadawali ba ya ƙarya.
Ya tuƙa.

Sha biyu saura muka kafe a laka.

Awa uku.
Can sama, a kan doguwar gada,
motoci na ta wucewa, babu wanda ya san da mu.
Hayaƙin bandar kifi ya shiga mayafina.
Bai ce "na gaya miki" ba,
ko ya faɗa da yarensa, ban ji ba.
Ya dai ba ni gorar tuƙi, ya ɗora hannunsa a kan nawa:
nan yashi, nan taɓo, nan tsohon jirgi ya nutse.
Tafina ya fara karatu daga baƙi.

Daidai inda na cika kwalba ta bakwai
wata mata ta sunkuyo daga baranda
ta ɗauraye kofin ɗanta.
Ta yi mini murmushi. Na mayar.

Washegari na'ura ta fitar da lambar kwalbar.
Irin lambar nan na sha ja mata layi biyu in karɓi maki.
Wannan karon na zauna ina kallonta
har mai shara ya kashe fitila.

Takardar rahoto tana da gurbin zurfi, da gurbin zafi.
Babu gurbin kofi.
Na rubuta shi a gefe, da fensir.
Dakta ta karanta, ba ta goge ba,
ta ce, "Litinin za ki koma. Ki tambayo sunanta."