Kwalba Biyu, Hanci Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina gaban murhu
a bayan gidan abincin Madam Akosiwa, nan Zengu,
ban taɓa kai abin kwalaben nan bakina ba.
Harshe na ajiye wa Mai shi.
Hanci na ba aiki haya.

Yau Alhamis, Dole ta cika ta batse.
Na dawo da ƙodar sa guda huɗu,
albasar Mirya, man shanu a gwangwanin madara.
Masu haƙar rijiya shida za su zo bayan magariba,
tun Litinin suka aiko: ƙoda da romon madera.

Na ɗaga kwalbar madera, sai iska.
Ɗigo ɗaya ya gangaro, ya tsaya a wuya,
ya yi shawara, ya koma.
Motar Yamai kuwa sai jibi,
in taya ta yarda.

Ilu ya hau turmi, ya miƙa hannu saman kanta:
"Baba Mutari, ga 'yar'uwarta."
Forto ce. Shi hoto yake ce mata.
"Ai giya giya ce," in ji shi.
Na ce, "Gero da dawa duk hatsi ne, yaro,
amma je ka tambayi mai fura."

Na buɗe biyun, na rufe ido.
Wadda ta ƙare ta bar ƙamshinta a ɗaki:
gyaɗar da ta kusa ƙonewa,
dabinon Bilma da ya shekara a buhu,
can ƙarshe ɗan tsami,
kamar tsohuwar da ta yabe ka, sannan ta ƙara kalma ɗaya.
Wannan kuwa ja wur, zaƙi har hanci,
zoɓon da hannun yarinya ya zarce wa sukari.
Ba ta san tsami ba. Ba ta taɓa jiran ruwa
a layin famfo da asuba ba.

To, sai a koya mata.
Inda waccan ke cin ludayi biyu, na ba ta ɗaya.
Na bar albasa ta yi duhu fiye da kullum.
Na zuba, wuta ta tashi shuɗiya, ta lashe abin da za ta lasa,
na jira har tururin ya daina yi mini tsawa.
Tsamiya na jiƙe a kofi tun azahar don kununa,
na ɗebi cokali guda na ba tukunya aro.
Launin dai ya ƙi. Ja ya tsaya a ja.
Akwai abin da wuta ba ta gyarawa.

Na ɗauki cokali, tafin hannu a ƙarƙashinsa,
na ratsa tsakar gida zuwa ɗakin Madam.
Wata uku ƙafafunta sun ƙi ta,
amma har yau ita ce harshena.
Ta hura. Ta kurɓa. Ta dubi rufi
har na ji kiran salla daga wajen Birni.

"Ba ita ba ce," ta ce.
Na ce, "Ba ita ba ce."
"Amma ta iya zama a kujerar mutane."
Ta miƙo cokalin, tana dariya ba sauti:
"Kai ma aron mako guda na yi,
ran da Kwami ya tafi jana'iza Lome
ya ce in riƙe masa wurinsa."

Shida suka zo, suka ci, suka share faranti da burodi.
Ɗaya ya ce yau romon ya yi ja.
Ilu ya ce tumatir ne.

Na wanke hannu sau uku da toka da sabulu,
na yi alwala da ruwan jarka ta ƙarshe.
Tambayar da na daɗe ina ɗauke da ita zuwa wurin malam
na sake mayar da ita aljihu.
Tuwona na jira a tukunyata ta daban,
miyar kuka, daddawa ta ƙare tun jiya.
Na sa abin da ke akwai.