Nauyin da Ba a Gani

Ranar Talata a Marwa, aji na uku,
fankar sama ta mutu tun makon jiya.
Dokta Jonga ya ja layi biyu a allo
da guntun alli, ya juyo yana kallonmu.

Na farko ya hau, ya gangaro a hankali
kamar mai saukowa daga dutsen Mindif.
Ya ce, "Ga alkawarin da lissafi ya yi:
tauraron da ya yi nisa da cibiyar gungu
dole ya ja ƙafa,
yadda duniyoyin nesa ke yi wa rana."
Na biyu ya hau, ya miƙe, ya ƙi saukowa.
"Ga kuma abin da madubin hange ya gani."

Muka duƙufa.
Gudu sau gudu, a ninka da nisa,
a raba da harafin G, nauyi ya fito.
Na yi sau uku, biro na zame mini don gumi.
Nisa na ƙaruwa, nauyi na ƙaruwa,
alhali haske ya ƙare tun can baya.
Da taurari kaɗai ke riƙe da taurari
da tuni na gefe sun watse
kamar tsaba a faifan da aka juya da garaje.

Kashi biyar ɓoye, kashi ɗaya a fili.
Mu, da alli, da rana, da wata,
duk muna cikin ɗayan nan.

Sai Baba ya faɗo mini a rai,
shekara ashirin da shida kan sikelin auduga a Gidar.
Buhu na hawa, ya dubi allura, ya dubi mai kaya:
"Auduga ba ta wannan nauyi."
A farke, ga dutse kwance a tsakiya,
wani lokaci jiƙaƙƙen yashi.
Bai taɓa ganin dutsen kafin wuƙa ba.

Amma wannan buhun ba ya farkuwa.
Abin ba ya haske, ba ya inuwa,
ba ya tare hannu, ba ya ɗumi.
Sunan baƙi ma aro aka yi masa,
don baƙi ai ido na kama shi.
An ƙirga matattun taurari, ba su kai ba.
An tuhumi nutirino, ya cika sauri da rashin nauyi.
A ƙarƙashin duwatsun wasu ƙasashe
an girke tankuna, ana jiran ƙwaya ɗaya ta yi karo,
masu jira har sun yi furfura.
Sai dai haske, in ya ratsa ta kusa da shi,
ya lanƙwasa kamar mai kauce wa babba a hanya.

Maiwore ta ɗaga hannu daga bencin baya:
"Malam, in sikelin ne ya karkace fa?"
Ya yi murmushi, ya kaɗe alli daga riga.
"Akwai masu cewa haka.
Kawo dokar da za ta biya duka bashin,
ni zan fara cire miki hula."

Da dare na kira gida, kati saura kaɗan.
Na kwashe duka na faɗa masa.
"Kun farke?" Ba ya farkuwa, Baba.
"Kun gwada sikelin?" Shekara hamsin ana gwadawa.
Shiru, ina jin tarinsa da kukan akuya.
"To a rubuta abin da allura ta nuna.
Kar a rage don ido bai..."
Kati ya ƙare.

Na taka zuwa gadar Kaliyawo.
Kogin yashi ne zalla, watan Maris,
ga wata mata a durƙushe da ƙwarya
tana tono, hannunta ya nutse har gwiwa.
Na ɗaga kai.
Jibi jarrabawa, ban gama babi na huɗu ba.