Namu

Ƙarfe biyu da kwata na dare.
Fanka na kwashe zafin Afrilu daga wannan bango
tana kai wa wancan.
Aka shigo da tsoho daga Wamakko a naɗe cikin tabarma,
gwaiwa ta murɗe masa hanji,
gumi ya yi tafki a ramin wuyansa.

Na sa safar hannu.
Ɗansa ya dubi fuskata, bai ga laifi ba,
sai idonsa ya sauko kan farar rigata,
inda aka ɗinka sunana da shuɗin zare:
Mnena Iorkyaa.
Leɓensa ya gwada, ya yi tuntuɓe a harafi na biyu.
Ya juya ga nas, ko murya bai rage ba:
"Wagga ƙabila ta. A kira muna namu."

Namu.
Kalmar ba ta kai allura nauyi ba,
amma ta san inda jijiya take.

Na ce, "Baba, ina ka ciwo? Ɗaga rigakka in gani."
Ɗan ya waiwayo kamar bango ne ya yi tari.

Ta ina zan fara masa?
Cibiyata na binne a Mabera,
bayan wani gida, gindin dogonyaro.
Babana ya shaƙi siminti a Kalambaina
shekara ashirin da bakwai,
har huhunsa ya zama bulo.
Da 'ya'yan goruba na koyi ƙirge.
Idan na yi mafarki, da harshenka nake tsorata.

Ban fara ba. Hanji ba ya jiran tarihi.

Awa uku a ƙarƙashin fitila.
Na yanke abin da ya mutu, taki ɗaya da 'yan yatsu,
na haɗa rai da rai, ɗinki bayan ɗinki.
Jini leda biyu muka ƙara masa.
Ba wanda ya ce a kawo namu:
leda ba ta da suna ɗinke a ƙirji.

Da asuba ɗan ya kama hannun Zayyanu,
yaron da na koya wa ɗaurin zare a watan jiya,
ya riƙe da hannu biyu:
"Likita, Allah shi saka."
Zayyanu ya dubi takalminsa.
Ya ce, "Ai ita ce…"
sai ƙarar tayar gado ta taka sauran maganar.

Wannan ma mai sauƙi ne.
Mai wuya yana ofishi na sama, cikin koren fayil,
inda ake sabunta ni duk shekara biyu
kamar lasisin mota.
Waɗanda na shiga aji ɗaya da su an ba su kujera,
ni an ba ni aron benci.
Akwai layi guda a takardar: jihar asali.
Nakan rubuta Binuwai,
inda na je sau biyu, duka biyun jana'iza,
inda suka yi dariyar gaisuwata
suka ce ga Bahaushiya ta iso.
Sakatare yakan buga hatimi bai ɗago ba:
"Dakta, ba ni ba ne, tsari ne."

Rana ta uku tsoho ya yi tusa.
A wurinmu wannan albishir ne,
har nas ta yi guɗa ƙasa-ƙasa.
Na ce a ba shi koko, cokali biyar kawai.

Ya kamo tsintsiyar hannuna,
tafinsa kaushi kamar bayan kada.
"Ɗiyata, ku mutanen ina na?"
Na ce, "Mabera, Baba."
Ya yi murmushi, mai kirki, ba mugunta ko kaɗan.
"A'a. Asali nika nufi."

Na juya hannun, na ɗora yatsu biyu a jijiyarsa,
ina duban agogo.
Tamanin da huɗu.
Na rubuta.