Ranar da Ba Ta da Rana

Ƙarfe goma na safe a Inari,
gari bai waye ba, ba kuma shi da niyya.
Wani shuɗi-shuɗi ne kawai a bakin daji,
kamar ƙyallen da aka tsoma a baba sau ɗaya aka fasa.

Na ɗaura wa Muzet ragama.
Namijin barewar ƙanƙara ne, ƙahonsa na hagu guntu,
ya girmi ɗana na fari da wata uku,
ya fi shi jin magana.

Motar baƙi ta iso tana huci.
Su tara. Sun jibga riguna har ba a gane mace da namiji,
sai idanu,
sai hancin da sanyi ya ƙunsa wa lalle.

"Sunana Risten. Ku zauna bibbiyu,
ku ja fatar nan ku rufe gwiwa.
Kada kowa ya taɓa ƙaho."
Ban rufe baki ba wani ya taɓa.

Amalankenmu bai san taya ba.
Katako biyu ne masu lanƙwasa, sassaƙar babana Oula,
suna sulalewa a kan farin da ba shi da bakin iyaka.
Ƙas, ƙas, ƙas, ƙafar Muzet.
Ba kofato ba ne, na gaya musu, jijiya ce,
da ita garke ke jin juna in guguwa ta rufe ido.
Ba su ji ni ba. Suna can suna ɗaukar kansu hoto.

Ƙarfe biyu dare ya dawo,
dama bai yi nisa ba.

A tanti na hura wuta, na dafa kofi baƙi ƙirin,
na miƙa romo a ƙoƙon itace.
Wata Fumie daga Osaka ta tambaye ni sau huɗu
ƙarfe nawa hasken ke fitowa,
sai ka ce jirgin ƙasa ne.
Tsoho Amadeu na Porto ya zaro rasit,
ya ɗora yatsa: "Ga shi nan a rubuce."
Na ce, "Baba, sama ba ta iya karatu ba."

Gajimare ya yi zaman dirshan.
Muka jira.
Gira ta yi furfura, yatsu suka daina amsa kira,
sanyi ya bi wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya
yana lashe caji kamar kyanwa da madara.
Ta Fumie ce ta mutu a ƙarshe.

To, a lokacin ne.

Da fari wani zare kore, siriri, bisa tafkin.
Sai ya warware.
Ya zama zanen da aka shanya tsakanin taurari,
iskar da ba mu ji tana kaɗa shi,
gefensa ja-ja, can sama shunayya,
yana naɗewa, yana zubowa, bai taɓa ƙasa ba.
Mutum tara, hannu goma sha takwas, babu abin riƙewa.
Amadeu ya saki rasit ɗin, ban ga inda ya faɗa ba.

Wani yaro ya tura leɓe zai yi fito,
na toshe masa baki da safar hannuna.
Kakata ta ce ba a yi wa hasken nan fito,
ba a ɗaga masa hannu.
Na yi makaranta, na san me ke kunna shi.
Duk da haka.

Sun tafi ƙarfe tara, ba hoto ko ɗaya.
Na ƙirga kuɗin a gindin fitila: buhu shida na abinci.
Ruwan sama ya sauka a Nuwamba, lokacin da ba nasa ba,
ya daskare, ya kulle gansakuka a ƙarƙashin gilashi,
garke na tono har kofato ya yi jini.

Sama tana ta ci da koriyar wutarta.
Muzet bai ɗaga kai ba.
Yana tono.