Mutum Sittin da Uku a Akwati

Da ruwa ya ci Tumpat a watan Disamba
kowa ya rungumi abin da ransa ya fi so.
Wani talabijin, wata tukunyar shinkafa.
Kakana Pak Seman tsohon akwati ya ɗora a ka,
ruwa iya ƙugu, yana tafe yana yi masa faɗa
kamar mai bin sa bashi.

Inna ta ce, Baba, fatu ne fa.
Ya ce, mutum sittin da uku ne a ciki,
kuma ba wanda ya iya iyo.

Aka zube mu a ajin makaranta, gida goma sha ɗaya.
Kwana biyu ba wuta.
Wayoyi suka yi ta mutuwa kamar kaji a shekarar annoba,
yara suka ɗago kai, suka ga juna,
suka fashe da kuka.

Shi da ya shekara tara ba a aiko masa goron gayyata ba,
tun da masu biki suka koma hayar lasifika,
tun da wasu suka ɗaure wa wasan fuska,
ya ce, Izzati, ɗaura zanin gado tsakanin taga da allo.
Kututturen ayaba ambaliya ce ta kawo, kyauta.
Ya kafe mutanensa a jiki,
sarki a dama, dodo a hagu,
fitilar ƙwai a tsakiya tana haki.
Mak Rohaya ta kifa bokiti, ya zama ganga.
Serunai babu. Mai busa ta ya rasu bara,
ɗansa na jan tasi a Kuala Lumpur.

Fatar sa ce kawai, busasshiya, an yi mata hudoji.
Amma da haske ya ratsa
sai ga sarki ya miƙe cikin rigar duhu mai aiki,
ya ɗaga hannu, ajin ya yi tsit,
har ruwan sama ya rage murya a kan kwano.

Ana tsakiyar yaƙi tari ya sarƙe shi.
Sarki ya langaɓe. Dodo ya tsaya baki buɗe
yana jiran maganarsa.

Ni da nake toshe kunne duk sanda ya fara,
ni da na ce wa ƙawaye kakana manomi ne kurum,
na ji bakina ya buɗe ba da shawarata ba.
Muryar dodo ta taso daga cikina,
kakkaura, mai tsatsa,
har da dariyar nan tasa mai hawa uku.
Ashe katangar katako ba ta riƙe sirri:
duk daren da na yi kamar ina barci, ina karatu ne.

Bai yaba ba.
Da ya sami numfashi cewa ya yi,
kin riƙe sarki kamar cokali. Sassauta.

Ruwa ya janye, ya bar mana laka da wari.
Fata bakwai sun yi fumfuna, ya shanya su a igiya
tare da rigunansa.
Na koma masana'anta a Penang,
ina liƙa ƙananan ƙarafa daga safe har magariba.

A ƙasan jakata akwai dodo mai karyayyen muƙamuƙi,
ban san sanda ya cusa shi ba.
In an kashe wutar ɗakin kwana
nakan kunna fitilar waya, in juya ga bango.
Mu shida ne a ɗakin. Biyu na tsaki, uku na kallo.

Har yau kamar cokali nake riƙe shi.
Amma jiya ya juyo da kai
kafin in juya shi.